Kyamarar da Ba Ta Sallama

Makon jiya jikata Ummi ta dawo daga islamiyya da kumburarrun idanu, wai wata yarinya ta ce mata kakarta infoma ce, ita ta sayar da rugar Jauro da hoto. Na rarrashe ta, na saya mata ƙosai, ta yi shiru. Ni ce ban yi shiru ba. Shekara da shekaru ina haɗiye wannan magana, ina cewa in dai a kaina ta tsaya to da sauƙi, ashe ba ta tsaya ba, ta gangaro kan 'ya'yanku. To ku zauna ku karanta, dukanku, har da kai Kabiru. Da kai ne ɗan farina da kunya ta hana ni kama sunanka, sai Allah ya sa kai ne na uku, don haka zan kama shi da kyau.

Kun tashi kun tarar ana ce mini Hajiya Rabi mai hoto. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ne mai shagon hoto a bakin tashar Batsari. Maza yake ɗauka, da 'yan makaranta, da maniyyata. Amma biki a cikin gida yake, suna a cikin gida yake, kuma babu magidancin da zai bar ƙato ya shiga tsakar gidansa da sunan hoto. Shi ya sa ya koya mini. Tare muka wuce zamanin fim muka shigo zamanin kati, kuma kyamarar ƙarshe da ya saya kafin rasuwarsa ita ce wadda kuka laƙaba wa suna Gwaggo, saboda girmanta da nauyinta, da kuma rashin iya yin abu a ɓoye. A cikinta akwai ɗan madubi. In ka kafa ido a ramin leƙe, madubin ne ke nuna maka abin da ke gabanka, in ka danna sai ya ɗaga ya faɗo, ka ji ƙaras! Duk wadda ke tsakar gida ta ji. Mai gyara ɗankwali ta gyara, mai takaba ta shige ɗaki, wadda mijinta bai san ta fito ba ta juya baya. Mahaifinku yakan ce Gwaggo 'yar mutunci ce, ba ta shiga gidan kowa sai da sallama.

Abin da ba ku taɓa ganewa ba shi ne, ɗaukar hoto a gidan mutane rabinsa rufin asiri ne. A cikin ramin leƙen Gwaggo akwai wani ɗan jan ɗigo. Inda na ɗora shi nan zai fito tar, abin da ke baya kuwa sai ya narke ya zama dishi-dishi. Da ɗigon nan na rufe katangar da ta zube, da tabarmar da ta yage, da ƙaramin cikin da ba a so a fara maganarsa tukuna, da tsohuwar da ke share hawaye a gefe ranar da kowa ke dariya. Ni ke zaɓar wanda za a gani. Don haka ake buɗe mini ƙofofi daga Yasore har Runka, ba don na fi kowa iya danna maɓalli ba. Kuma ba zan yi wa Gwaggo ƙarya don ta tafi ba, tana da nata halin. Wuyana har yau yana tuna igiyarta. A ɗaki mai duhu sai ta yi ta lalube, gilashin gaba ya shiga ya fita, har amarya ta gaji da murmushi. Yaro mai gudu kuwa sai dai in samu ƙeyarsa. In na rataye ta cikin hijabi na hau babur, sai a zaci goyo na yi ta gaba.

A cikin duk ƙofofin da aka buɗe mini babu wadda na fi ji da ita kamar ta Dije. Manyanku sun san ta, Bafulatanar nan matar Jauro, wadda rugarsu ke bayan ƙauyen Babban Duhu. Tun ina amarya take kawo mini nono ranar kasuwa, har muka bar ciniki muka koma zumunci. Ita ta zauna da ni lokacin da na yi ɓari, man shanunta kuka ci kuka yi kumatu. Fulanin rugar ba sa son hoto, musamman a ɗauki shanunsu, amma ni Dije ta ce musu in na zo a bar ni, don na san abin da ake ɗauka da abin da ake bari. Takan shafa Gwaggo ta ce wannan ai ta kai maraƙi.

Sai shekarar da hanya ta lalace ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, kun ga mutanen ƙauye sun cika makarantun gari da tabarmi da tukwane. A daminar ne 'yan bindiga suka harbe ƙanena Sale a gonarsa ta Yasore, fartanya na hannunsa. Na faɗi wannan ne tun yanzu don kada wani a cikinku ya karanta abin da ke gaba ya ce Hajiya na kare mutanen daji. Ni na ga gawar Sale, ba labari aka ba ni ba. Amma a shekarar ne kuma kowane Bafulatani ya zama abin zargi, kowane mai waya ya zama infoma, maƙwabci na kallon bakin maƙwabci. Wata rana ina kan babur za ni biki Runka, 'yan sa-kai suka tare mu a wata kwana. Ɗaya daga cikinsu ya ga tudu a ƙirjina da dogon abu ya turo hijabi, sai kawai ya ɗaga bindiga.

"Baba, mi ne ne wannan kika ɓoye? Hito da shi sannu!"

"Kyamara ce, ɗan nan. Sauke abin nan kada ya tashi."

"Kyamara da baki irin wanga? Wa kike kai ma hoto?"

Sai da wani a cikinsu ya gane ni sannan aka bar mu muka wuce. Na yi kuskuren ba da labarin a gida ina dariya, labari ya kai Katsina inda Kabiru ke aikin ɗaukar bidiyon biki. Ranar Juma'a sai ga shi. Bai yi mini gardama ba, shi ai ba ya gardama da ni, ta bayan gida yake biyo wa mutum. Ya ce ƙura ta shiga Gwaggo, zai kai ta Kano a share. Na ɗauko ta da hannuna na ba shi. Bayan mako ya dawo ya ajiye mini wani ɗan abu a kan tabarma, bai fi sabulun wanki ba, da ɗan gajeren gilashi a gaba.

"Ina Gwaggo?"

"Mama, na yi musanye. Wannan ta fi ta komai. Ba ta da madubi, shi ya sa ba ta da nauyi. A jakar hannu za ki jefa ta, babu wanda zai ƙara ɗaga miki bindiga."

"Kayan ubanka ka musanya ba ka tambaye ni ba?"

"Da na tambaya ai ba za ki yarda ba. Duba ki gani, ba sai kin saita komai ba. Ita da kanta take neman idon mutum, ko yana gudu, ko a duhu. In ta kama ido ba ta saki."

"Wa ya aike ta?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Na yi kwana biyu ban amsa gaisuwarsa ba, amma aikin gama ya gama, Gwaggo ta shiga hannun da ba a san shi ba. Zan faɗi gaskiyar ƙaramar nan ko da yake na tsane ta. Ta iya aiki. Wuyana ya huta. A ɗakin amarya mai ƙaramar taga, inda Gwaggo za ta yi ta lalube, ita kafin in ƙifta ta kama. Na ɗauki jikana yana bin kaza a guje, ƙwayar idonsa ta fito har ana ganin hasken rana a ciki. Wani ɗan koren akwati ne ke yawo a gilashin bayanta, yana tsalle daga fuska zuwa fuska, inda ya ga ido nan yake sauka. Sai dai ba ta da ramin leƙe, a gilashin bayan nan kawai ake kallo, in kuwa rana ta take, ni da idanuna da suka fara gajiya, ba na ganin komai sai fuskata. Kuma ba ta da murya ko kaɗan. Mata su jeru su ƙame, in ɗauka har in sauke hannu, suna nan a ƙame suna jira. Sai wata ta ce, Hajiya wai kin ɗauka kuwa? Tun ina dariya har abin ya fara damuna, don na lura an daina sanin lokacin da ake ɗauka da lokacin da aka bari. Na ce wa Kabiru ya mayar mini da ita mai ɗigo ɗaya, ya ce ai hakan kamar a sayi mota ne a ɗaura mata jaki, zai gyara in ya samu lokaci. Bai samu ba.

Da kaka ta yi, Dije ta aiko mini cewa 'yarta Shatu ta sauka a gida, an samu mace, kuma haihuwar fari ce. Kowa ya ce kada in je. Na ce ko ana ruwan wuta sai na je. Mijin Shatu shi ne Buba, ɗan ƙanen Jauro, a rugar ya tashi, na san shi tun yana bin maruƙa da sanda ta fi shi tsawo. Tun farkon damina aka ambaci sunansa a wata maganar satar shanu, shi kuwa da ya ga yadda ake yi wa wanda aka ambata, sai ya bar gida. Wasu suka ce daji ya shiga, danginsa suka ce kudu ya bi da shanun wani. Ni ban san gaskiya ba, har yau ban sani ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani ku tambaye shi a ina ya gani.

Na isa da hantsi, an riga an raɗa suna. Dije ta tarye ni tun daga bakin garke, ta riƙe hannuna tana murmushi.

"Kin san sunan ɗiyar? Rabi. Takwararki ce, sai ki fara tara mata kayan ɗaki."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Bahaushiya ce ni, a shekarar da Bahaushe da Bafulatani ba sa haɗa hanya, aka sa wa 'yar fari sunana. Kafin in gama godiya sai ta ja ni bayan bukka ta rage murya.

"Rabi, yaron ya zo da asuba, yana nan. Idonki ya gani, bakinki bai gani ba. Abin nan naki ma kada ya gani."

"Dije, yau kika san ni?"

"Ina mai ƙaran nan taki?"

"An musanya mini ita. Amma hannun ai shi ne dai."

Haka na ce mata, da bakina, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Yanzu ku saurari yadda abin ya faru, don nan ne kowa ke ba da labarin yadda ya ga dama. Kun san kunyar ɗan fari, to tamu wasa ce a kan ta Fulani. Shatu ba ta yarda ta kalli jaririyar a gaban mutane ba, balle ta kalli kyamara. Da ƙyar aka zaunar da ita a ƙofar bukka aka ɗora mata 'yar a cinya, ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta sunkuyar da kai. Jaririya kuma tana barci cikin zane, ido a rufe. Buba kuwa kunya biyu ce a kansa, ta 'yar fari da ta surukai, ko da babu mai nemansa ba zai matso kusa ba. Can baya, bayan dangan kara, ya tsaya, ya sa ido a wata 'yar kafa yana leƙen 'yarsa da bai taɓa gani ba. Ni ban ma san a bayan dangan yake ba. Rana ta take, gilashin baya ya zama madubin fuskata. Na nufi uwa da 'ya na danna, na sake dannawa. A duk faɗin abin da ke gaban kyamarar nan ido ɗaya ne kawai a buɗe, ita kuwa ido aka koya mata nema. Ta tsallake uwa, ta tsallake 'ya, ta ratsa dangan kara ta kama shi. Ba ta yi ƙara ba balle ya ji ya kauce.

Wannan kaɗai da bai zama komai ba. Dokata tun zamanin mahaifinku ita ce, kati ba ya barin hannuna sai na zauna a inuwa na sa tabarau na bi hotuna ɗaya bayan ɗaya, na goge abin da bai kamata a gani ba. Duk kun san wannan doka, Kabiru ya fi kowa saninta, don shi ke wanke mini hotuna a Katsina tun da injin shago ya mutu. Na dawo a gajiye, hanya ta jijjiga mini ƙashi, na tura jakar ƙarƙashin gado. Washegari na tafi gaisuwar mutuwa. Kabiru da ya zo ya kwana a gida ya buɗe jakata ya zare katin ya tafi da shi, wai don ya rage mini aiki.

Bayan kwana kaɗan maƙwabciyata Talatu ta faɗo gidan nan ko sallama ba ta gama ba, waya a hannu.

"Hajiya, ashe haka kike aiki a ɓoye? Allah ya saka miki da alheri! Ga shi kin kamo ɗan ta'addan, duk gari an gani."

Na karɓi wayar. Ga Shatu da takwarata a gaba, dunƙulen zane dishi-dishi, ba ka ko gane mutane ne. Ga fuskar Buba a tsakanin kara, tar, har tsagen gefen idonsa ana ƙirgawa. A ƙasan hoton kuma ga tambarin da Kabiru ke buga wa duk hotunana, Rabi mai hoto, Batsari. Na kira shi nan take.

"Kai ka fitar da hoton nan?"

"Mama, wallahi a zauren masu hoto kawai na saka, na cikin waya. Gardama muke yi, wasu na cewa mai madubi ta fi kama saiti. Na ce to su nuna mini mai madubin da za ta kama ido ta cikin kara daga wannan nisa. Ban san waye ba, wallahi ban san waye ba."

"To ka ci gardamar?"

Ya sake ɗauko rantsuwa, na katse shi.

"Tambayarka nake, Kabiru. Ka ci?"

Gardama! Don ya burge waɗansu samari da bai taɓa gani ba, masu jayayya a kan wace kyamara ta fi wata, ya ɗauki amanar shekara talatin ya watsa a waya. Bai tambayi ko gidan wa ne ba, bai tambayi me ya sa mutum zai ɓuya a bayan danga ranar suna ba. Shi dai ido ya fito. Na fita neman ɗan acaba da zai kai ni Babban Duhu in gargaɗe su, duk wanda na tara sai ya ce Hajiya yau ba hanya. Ashe sun riga ni sani. A ranar waɗansu 'yan sa-kai suka shiga rugar. Buba ya daɗe da tafiya. Suka daki Jauro, tsoho mai furfura, a gaban matansa, wai yana ɓoye ɓarayi, suka cinna wa bukkoki wuta har da wadda Shatu ke wankan jego a ciki. Ba a rasa rai ba, wannan kaɗai nake gode wa Allah a kai. Kafin mako ya zagayo rugar ta tashi, wurin da aka haifi kakan Jauro ya koma fili.

Kabiru ya kawo mini katin da kansa, ya durƙusa a tsakar gidan nan yana kuka. Ya ce bari ya fito ya faɗa wa duniya shi ne. Na dube shi, na tuna duk mako sai ya bi hanyar Batsari zuwa Katsina, hanyar da ake tare mota a fito da mutum da sunansa. Ban san su wa Buba ke tare da su ba, ban san wa zai ji haushi ba. Tambarin da ke kan hoton sunana ne, ba nasa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce masa ya rufe bakinsa, ya goge duk abin da ya kwafa, ya koma Katsina kada in ƙara ganin ƙafarsa sai na neme shi. Sau ɗaya ka yi tayin nan, Kabiru. Da na ce a'a ba ka maimaita ba, kuma na ga yadda kafaɗunka suka sauka. Ni na hana ka, ban musa ba, kuma ko yau aka dawo haka zan yi. Amma da ka sake faɗa ko sau ɗaya, da na ji sanyi.

Da la'asar shugaban 'yan sa-kan unguwarmu ya yi sallama, yaron da ni na ɗauki hoton sunansa. Ya gaishe ni da ladabi har ƙasa.

"Hajiya, an gode. Sauran hotunan muke so, mu ga duk wanda ya je sunan."

"Mata ne da jarirai."

"A ba mu dai mu duba. Ke ma ai an kashe miki ƙane."

"Kada ka ƙara sa Sale a bakinka. Tsaya nan ina zuwa."

Na jawo turmi har bakin zaure, na jefa katin a ciki, na ɗaga taɓarya na daka shi a gabansa sai da ya zama gari. Ya dube ni ya dubi turmin, ya ce to Hajiya, mun gane inda kika dosa. Daga ranar na zama gaba kura baya sayaki. A wurin Fulani ni ce na kai hoto, a wurin 'yan gari ni ce ƙawar ɓarayi mai ɓoye musu fuska. Talatun da ta zo yi mini addu'a ita ta fara cewa dama ta daɗe tana zargina. Ba wanda ya kore ni daga gidansa, kawai an daina aikowa. In na shiga biki a matsayin 'yar gayya, sai in ga mata na jan mayafi suna kallon jakata, don an ji ina da wata 'yar kyamara da ba a jin motsinta. Na ba Kabiru abarsa. Ban ƙara ɗaukar hoton kowa ba, har na jikokina. Kun yi ta cewa tsufa ne ya sa Mama ta ajiye sana'a, na bar ku a haka.

Sau ɗaya na ƙara ganin Dije. Bayan kusan shekara, ranar kasuwa, na hango ta a layin masu gishiri, ta rame, babu ƙwarya a kanta. Na yi kamar in juya, sai na daure na nufe ta. Muka gaisa gaisuwar baƙi, ta tambayi yara, na tambayi jikin Jauro, ta ce da sauƙi. Sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ɗabi'arta ba ce.

"Rabi, abu ɗaya zan tambaye ki, don in daina tambayar kaina. Ke ce?"

Sunan ɗana yana kan harshena. Kalma ɗaya ce tsakanina da ƙawata. Na san Dije ba za ta cutar da Kabiru ba, ita ta riƙa shafa masa man shanu yana jariri, amma magana zarar bunu ce, za ta faɗa wa Jauro don ta wanke ni, Jauro ya faɗa wa wani.

"Kyamarata ce, Dije."

Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini.

"Da mai ƙaran nan ce," in ji ta, "da ya ji ya kauce."

Ta ɗaure gishirinta a bakin zane ta wuce.

Yanzu Kabiru ya kwashe iyalinsa ya koma nesa, ba ya bin hanyar nan, shi ya sa bakina ya buɗe. Na ji an ce har yanzu in ana gardamar kyamara yana cikin masu cewa marar madubi ta fi, ta fi sauƙin ɗauka, ta fi saurin kama ido. Gaskiyarsa ne, ta fi. Ni shaida ce, babu wanda ya kai ni sanin yadda take kama ido. Ban rubuta wannan don ya zo ya durƙusa mini ba, na gaji da durƙuso. Na rubuta ne don in wani ya ƙara ce wa Ummi kakarta infoma ce, ku iyayenta ku san abin da za ku ce mata a cikin ɗaki, ko da ba za ku iya faɗa a waje ba. Kuma don kai Kabiru ka san cewa ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, kuma jifan bai tsaya a kaina ni kaɗai ba.

Duk hotunan sunan nan sun tafi a turmi. Wanda ya rage a duniya shi ne wanda ke yawo a wayoyin mutane, don haka hoton takwarata guda ɗaya ne, kuma ba ta fito a ciki ba. Bara wani dillalin shanu da ya san mu tare ya tsaya a ƙofar gida ya ce mini Dije ta rasu, can wani daji a kudu inda suka yada zango. Na yi salati, na yi mata addu'a. Na tambaye shi Jauro, ya ce yana nan yana jan ƙafa. Na tambaye shi Buba, ya ce wannan kam ba a tambaya. Sai na ce, yarinyar Shatu fa? Ya ce tana nan ta yi wayo, har ta fara bin maruƙa.

Na ce, "Rabi ke nan."

Ya ɗan yi tunani, ya girgiza kai.

"Hajiya, kwanana uku a rugar. Babu mai wannan suna."